Burodin Dubiya

Shekarar da anka yanke Kabi daga Sakkwato, ita ce shekarar da ɗana na fari ya sami aikin akawu a Yelwa. Ya ɗauki matarsa ya bar mu ƙauyenmu na bakin tabki, can gefen Ngaski. Da lokacin yaye ya yi, sunka kawo mini ɗiyarsu, yadda anka saba. Na riƙe ta da kunun gero da tuwon shinkafa da romon ƙarfasa. Yarinya ta yi kumatu, in ta zauna sai ka ce an ajiye tulu. Lafiya lau na mai da ita hannun uwarta, Allah ne shaida.

Damina ba ta fita ba anka aiko in zo.

Na iske cikin yarinya ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara, fatar mazaunai tana lilo. Zawo kuwa ba ya tsayawa, fari-fari, mai maiƙo, mai wari. Wanga ya ce haƙori ne, wancan ya ce shawara ce. Anka ba ta maganin tsutsa, anka jiƙa sassaƙe, anka wanke rubutu. Har ruwan tabkinmu anka zarga, wai wurina ta kwaso.

To, ku da kunka san Yelwa kun san yadda ake dubiya. Ba mai shiga wurin mara lafiya hannu rabbana, kuma a wancan zamani burodi ne abin fita kunya. Tuwo, wai ya yi wa mai jinya nauyi. Sai a jiƙa burodi cikin shayi ya yi laushi, a riƙa ɗura mata da cokali. Jiki na ƙara lalacewa, masu dubiya na ƙaruwa, burodi na tulawa bisa faifai har yana fumfuna.

Da abin ya ƙi, munka hau mota sai babban asibiti a Sakkwato. Wani likita dattijo ya yi ta tambaya: mi take ci wurinki, mi take ci wurin uwarta? Anka yi aune-aune, munka kwana biyu nan, sannan ya zaunar da mu.

Ya ce, "Inna, cutar sunanta siliyak. Akwai wani abu mai danƙo cikin alkama. Mafi yawan mutane ba ya yi musu komai. Ita kuwa hanjinta yake kankarewa, shi ya sa duk abin da ta ci ke wucewa bai kama jiki ba."

Na ce, "Likita, allura za a yi mata?"

"Babu allura, babu ƙwaya. A raba ta da alkama da fulawa muddin ranta. Ko ɓarɓashi."

"Gero fa?"

"Gero, dawa, shinkafa, masara, rogo, kifi, ta ci ta ƙoshi."

Na fito ina hamdala. Na ce ashe maganin yana cikin rumbu. Ban san cewa hana cin abu ya fi ba da magani wuya ba.

Munka koma Yelwa, na zauna gidan ɗana ina yi wa yarinya girki da tukunyarta daban. Zawo ya tsaya. Ta fara neman abinci da kanta, ta koma ja mini zane tana kirana ƙawarta. Amma masu dubiya ba su daina ba, kuma wa ya taɓa mai da kyautar dubiya? Uwar yarinya baƙuwa ce a unguwar, kunya ke cinta, sai ta karɓa ta yi godiya ta tura ƙarƙashin gado. Ɗana ya ce, "Inna, ki bi a hankali, mutanen nan da su nike zaune."

Sai na ɗauki mayafi na shiga gida-gida. Wurin suna na faɗa, wurin niƙa na faɗa, bakin rijiya na faɗa. Na ce burodi, biskit, taliya, fanke, alkaki, cincin, duk guba ne ga wagga yarinya. Mai waina ta ƙofar gida na tsare ta har ta amsa cewa tana barbaɗa fulawa cikin ƙullunta. Mata su saurare ni su ce Allah Ya sawwaƙe, in na juya baya in ji dariya. Wata ta ce, "Tsohuwa ta je birni ta kwaso cutar Turawa." Wata ta ce, "Rowa ce. Karɓa take ta cinye da shayinta, ba ku ga ta yi ƙiba har da wuya ba?"

Wadda ta fi ba ni wahala ƙanwar mijina ce da ke zaune nan Yelwa, wadda duk gidan ke kira Goggo. Tana son yarinyar, wanga ba ƙarya ba ne. Ranar wani biki ta ja ta bayan ɗaki ta danƙa mata alkaki. Kashegari zawo ya dawo sabo, yarinya tana naɗewa bisa tabarma tana riƙe ciki.

Na iske Goggo gida. Na ce, "Mi kinka ba ta?"

"Haba Yaya, ɗan guntu ne fa, bai kai ɗan yatsa ba. Yara duk suna ci, ita tana tsaye tana haɗiyar yawu. Ni zuciyata ba dutse ba ce."

"Tawa ce dutse? Zo ki wanke zanen da ta ɓata."

"Yo abincin da ake ba mara lafiya, shi ke sa ciwo? Tunda nike ban taɓa ji ba."

"Yanzu kin ji."

"Na ji daga bakinki."

Nan na gane bakina ba zai tsare unguwa guda ba. Yarinya ta fara tafiya ko'ina, kuma kowane gida akwai mai tausayi. Na ce wa ɗana zan tafi da ita ƙauye, inda burodi sai ranar kasuwa. Uwarta ce ta tashi ta ɗaure kayan da kanta, tana ɗaurewa tana share ido da gefen ɗankwali. Wanga shi ne abin da har yau ban huce ba. Ba talauci ya raba ɗiya da ɗakin uwarta ba, ba mutuwar aure ba. Mutanen kirki ne sunka ƙi jin magana.

Munka shiga kwalekwale mai inji da 'yan cin kasuwa, uwar tana tsaye bakin ruwa har ta koma ɗigo. Yarinya ta fara kuka. Wani bawan Allah da ke gefena, masunci da gani, ya kwance tsarabarsa ya gutsuro burodi ya miƙo.

"Ungo 'yar Baba, yi shiru."

Na cafe hannunsa sama. Jirgi duk ya juyo yana kallona. Na ja yarinya bisa cinyata, na ɗaga murya bisa ƙarar inji, na sake faro bayani tun daga alkama.