Kan da Ɗantsoho ya zaɓa wa taubashinsa

Duk wanda bututun ban-ɗakinsa ya taɓa toshewa a Jega ya san Ɗantsoho mai waya. Gajere ne kakkaura, ga baki, kullum da doguwar wayar ƙarfe naɗe a bayan babur da wata jakar buhu a rataye. Da yasar masai ya fara tun yana saurayi, daga baya ya bi wani falamba ya koyi shimfiɗa bututu, da gari ya cika da gidajen sokawe kuma sai ya tsaya ga buɗe toshiya. Ba sana'ar da ake rububi ba ce. Mutane kan kau da hanci in ya wuce, shi kuwa ko a jikinsa, don ya san ranar da ruwa ya dawo musu tsakar gida, har da "Malam Ɗantsoho" za su kira shi.

Abin taƙamarsa yana cikin jakar nan: kawunan da ake ɗaura wa bakin waya, waɗanda wani maƙeri a Jandutsi ya ƙera masa. Akwai siriri mai murɗe kamar ƙahon rago, shi ake fara turawa ya ɗanɗano abin da ya tsaya. In ya fito da leda ko tsumma, sai a ɗaura ƙugiya a jawo. In ya fito fari fat da kitse, sai mai faɗi ya shiga ya kankare. In kuwa saiwar dogon yaro ce ta kutsa ta mahaɗa, mai haƙora ne maganinta. Ɗantsoho kan ce fara aiki da babban kai daidai yake da faɗa wa gidan mutane ba sallama. Ana iya jansa da wasa a kan komai, tsayinsa, warinsa, tsohon babur ɗinsa, ya rama har da ƙari, amma maganar kawuna ba ya wasa da ita.

Ana nan sai Zayyad ya dawo daga Abuja. Ɗan gwaggonsa Delu ne, taubashinsa ke nan, tare suka tashi, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Ya yi shekaru can yana bin kamfanonin gini, ya dawo da inji mai juya waya da kansa, da ɗan janareta, da akwatin ƙarfe cike da kawuna masu walƙiya, kowanne kwance a gurbinsa. Ranar da ya buɗe akwatin a zauren Gwaggo Delu, Ɗantsoho ya yi dariya ya ce ai kayan wasan yara ne bawansa ya kwaso. Wallahi ƙarya yake. Ya ɗauki mai haƙoran ya juya shi a hannu, ya ga yadda aka goge bakinsa sumul. Da ya koma gida ko tuwo bai iya ci ba.

Kafin damina ta fita, gidajen hayar ɗalibai na Aliero duk sun koma wurin Zayyad. Aikin da Ɗantsoho zai wuni yana murɗa waya da hannu har tafinsa ya ɗuri ruwa, inji kan gama shi kafin mai gida ya dawo daga masallaci. Mutanen da ya yi shekara da shekaru yana tsoma hannu cikin ƙazantarsu, yanzu in sun gan shi sai su tambaye shi lambar taubashinsa. Lambar taubashinsa fa! Ya kan ba su, amma sai ya yi tsaki tukuna. Matarsa Naja'atu ta gaji da jin tsaki, ta ce masa hassada ce ke cin sa. Ya ce Allah ya kiyaye, shi dai tausayin bututun mutane yake ji.

Abin haushin ma, Zayyad ba shi da mugun ciki. Har gida ya zo ya ce su haɗa hannu, shi yana da inji, Ɗantsoho ya san kawuna, don ya amsa da bakinsa cewa rabin abin da ke akwatin bai san amfaninsa ba. Ɗantsoho ya ce bai taɓa ganin inda ubangida ya yi wa bawansa ƙwadago ba. Aka yi dariya aka tashi. Da Zayyad ya yi masa girman kai da ya fi masa sauƙi, don da ya sami abin da zai riƙe ya ƙi shi da hujja.

Gida ɗaya ya rage masa wanda yake ji da shi, na Alhaji Tamu mahauci a Maiyama. Shi ya shimfiɗa bututun gidan da hannunsa tun ana gini, kuma da yake matan gidan kullum cikin wanke kayan ciki suke, kitse ba ya barin magudana ta huta. Duk toshiya shi ake kira, a sallame shi da ƙafar saniya a leda. To wata safiya ya je Maiyama duba wani famfo, ya bi ta ƙofar Alhaji Tamu don su gaisa, sai ya ji ƙarar janareta. Ya leƙa, ga Zayyad tsugune a bakin bututu, ga Alhaji da maƙwabta sun kewaye inji suna kallo kamar an kawo amarya. Alhaji ya ɗan ji kunya, ya ce ai ya nemi layinsa bai shiga ba. Ɗantsoho ya san ko gwadawa bai yi ba.

Zayyad kuwa murna ya yi da ganinsa. Ya jawo akwatin ya buɗe a gabansa.

"Bawana, Allah ya kawo ka. Kai ka san cikin wanga gida. Wane kai za ni sawa?"

Ɗantsoho ya san cikin gidan kuwa. Ya san bakin bututun yana da faɗi, amma can bayan gwiwa ta farko, inda bututun ya lanƙwasa, siriri ne, don lokacin gini babban bututu ya ƙare musu, Alhaji ya ce a ƙarasa da abin da ke akwai. Ba mai ganin haka daga waje. Ya dubi mutanen nan da suka zuba wa inji ido, ya dubi Alhaji Tamu, sannan ya nuna mafi girman kawunan, mai wuƙaƙe biyu.

"Mai inji guda kuma yana tsoron kitse? Sa babban mana, a ga aikin Abuja."

Da murmushi ya faɗa, da muryar da taubasai ke zolayar juna, yadda ko an tashi tuhuma zai ce wasa ne. Abin da yake so bai wuce kan ya maƙale ba, Zayyad ya yi zufa a gaban jama'a, shi kuma ya je ya kwanto tsohuwar wayarsa. Amma Zayyad duk tsawon zamansu bai taɓa jin ya yi wasa da maganar kawuna ba. Bai ko ɗaga ido ba, ya ɗaura.

Waya ta shiga lafiya, ta sha gwiwa, sai kan ya cije. Inji bai san an tsaya ba, ya ci gaba da murɗawa. Wayar da ke waje ta kumbura ta yi gammo, ta kama safar hannun Zayyad ta naɗe har tsintsiya. Kafin wani ya kai ga kashe janareta, kowa ya ji ƙarar ƙashin. Ɗantsoho ne ya warware wayar, shi ya ɗora shi a mota, shi ya riƙe shi har gidan masu ɗori a Aliero. Duk tsawon hanya Zayyad salati kawai yake yi. Mai ɗori ya ce hannun zai haɗu in Allah ya so, amma yatsu biyu kada a sa musu rai da riƙon ƙarfe.

Bayan kwanaki, Gwaggo Delu ta aiko a-kori-kura ƙofar Ɗantsoho ɗauke da inji da janareta da akwatin kawuna. Saƙon shi ne ya riƙe ya yi aiki, ya riƙa duba iyalin ɗan'uwansa, don ba wanda Zayyad ya yarda da shi kamarsa. Naja'atu ta yi ta sa albarka. Shi kuwa ya bar kayan a zaure ya hau babur ya tafi dubiya, ya tarar da Zayyad kishingiɗe a tabarma, hannu cikin karan ɗori. Sai da ɗakin ya rage su biyu Zayyad ya yi magana, a hankali.

"Ran nan, da wasa ka hwaɗi, ko?"

Ɗantsoho ya ce, "Da wasa."

"To. Haka nic ce ma Inna. Nic ce ni ne ban gane wasa ba."

Sai ma Zayyad ya tura masa kwanon fura da hannun mai lafiya. Yau Ɗantsoho ne mai inji daga Jega har Mungadi, gidajen Aliero sun dawo, Alhaji Tamu ya dawo, ba mai tambayarsa lambar kowa. Amma ranar nan da ya fito daga ɗakin, ya tsaya jikin babur ya kasa tayarwa. Ya so a ce nadama ce kaɗai ke cikinsa. Da ya duba da kyau, sai ya tarar hassadar tana nan daram. Mutumin da ke kwance a ɗakin nan ya san gaskiya sarai, ya rufa masa asiri, har ya ba shi fura, kuma Ɗantsoho ya san da shi ne a kan tabarmar, ba zai iya ba.