Satar Kallon Mai Jego

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Hadiza, amma ban taɓa jin rashinta kamar a wannan watan ba.

Ita ce babbarmu. Ta ƙare rayuwarta tana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, tana binciken abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa idan ciwon damuwa ya kama mutum, musamman mai jego. In ta zo hutu Gwarzo ba ta zama, gidajen haihuwa take bi, har muna tsokanarta da ungozomar da ba ta iya yankan cibi ba. Ta sha gaya mana cewa bayan haihuwa sinadaran jiki kan sauya farat ɗaya, wata ƙwaƙwalwar ta jure, wata ta kasa. Mukan ce to, Dakta, mu ci gaba da damun kunun kanwarmu.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne kunyar ɗan fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma a yaba mata. Yaya ba ta taɓa kushe al'adar ba, sai dai takan ce cuta na ɓuya a bayanta. "Ku lura da ita in ɗaki ya watse," in ji ta. "Mai kunya tana satar kallon ɗanta. Marar lafiya ko ita kaɗai ce ba ta kallo."

Yanzu 'yata ta fari tana gidana wankan jego. Ba ci, ba barci. Sai an ɗora mata jaririn take ba shi nono, fuskarta na bango. 'Yan barka sai sa mata albarka suke, wai irin wannan kunya ta yi ƙaranci a yaran zamani. Da surukarta ta zo daga Kabo na ɗan taɓo maganar asibiti, nan take ta ɗaure fuska. "Haba Hajiya, a ce matar ɗana tana ganin likitan ƙwaƙwalwa? Arba'in na cika za mu zo mu ɗauki abarmu."

Arba'in kuwa ta kusa. Shekaranjiya da hantsi na laɓe a bayan labule kamar ɓarauniya a gidana. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe, yana dab da hannunta. Na yi ta roƙon Allah ta waiwaya ko sau ɗaya. Ba ta waiwaya ba. Tsoro ya kama ni.

Da Yaya na nan, na san ba za ta jira yardar Kabo ba, kuma da ni za ta fara yi wa faɗa. Ta bar ɗalibai da rubuce-rubucen Turanci da ban iya karantawa ba. Ni gadona shi ne maganar nan ta satar kallo.

Na ɗaga labulen na zauna kusa da yarinyar. Tun da na haife ta "ke" nake ce mata, ban taɓa kiran sunanta ba. Ranar na ce, "Safiya."

Ta ɗago a firgice, ta fashe da kuka. "Umma, ba na jin komai a kansa. Don Allah kada ku bar ni da shi ni kaɗai."

Na kira mijinta, gobe za mu asibiti. Allah ya jiƙanki, Yaya. Na lura da ita da ɗaki ya watse.