Silifar Baba Isaka

Har gobe ban manta da ranar da na ga silifar Baba Isaka tana zamewa daga ƙafarsa ba. A 2019 ne, tsakiyar zafin Dubai, ina ma'aikacin gashin ƙashi a wani ƙaramin asibiti kusa da Al Quoz. Ku sababbin ma'aikata da kuka zo kwanan nan ba ku tarar da binciken da muke yi a lokacin ba, bari in warware muku.

Ana son a gane ko ostiyofati, wato gyaran baya da gaɓoɓi da hannu, ba allura ba ƙwaya, yana maganin ciwon bayan masu dakon kaya. Sai aka raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a. Gida ɗaya ana yi musu gyaran gaske. Ɗaya gidan kuwa a ɗora musu hannu, a ɗan shafa, ba a gyara komai, don a ga ko taɓawar kaɗai ke sa mutum ya ji sauƙi. Kowa ya amince da haka tun farko, amma ba a gaya masa gidan da ya faɗa. To, ni aka ba gidan shafa. Shugabarmu, wata likita Bafaranshiya da muke kira Madam, ta ja mini kunne cewa ko da wasa kada in faɗa wa kowa.

Baba Isaka ɗan zangon Kumasi ne a ƙasar Gana, ya haura hamsin, yana lodi a wani sito. Da ya ji Hausa a bakina, shi ke nan, na zama ɗansa. Duk zuwa sai ya ce, "Likita, hannunka akwai albarka, wallahi da sauƙi." Ni kuwa kunya kamar in nutse, don na san ban yi masa komai ba.

Ranar da nake ba ku labari, mun haɗu wurin alwalar azahar. Ya taso zai shiga masallaci, silifar hagu ta zame. Ya mayar, ta sake zamewa. Sai na lura yatsun ƙafar na jan ƙasa, yana ɗaga gwiwa kamar mai tsallake kwata. A aikinmu wannan alama ce cewa jijiyar da ke saukowa daga baya ta dannu sosai, in aka yi sake ƙafar ta tafi ke nan. Sallar nan, Allah Ya yafe mini, ban san raka'a nawa muka yi ba.

Ana sallamewa na ja shi gefe. "Baba, ɗaga mini babban yatsan nan." Ya yi, ya yi, ko motsi.

"Fitsari fa?"

Ya kawar da kai. "Yana ɗan yi mini gardama."

Inna lillahi! Na ce, "To don me kullum kake ce mini da sauƙi?"

"Haba, Likita. Mutum na wahala a kanka, ka dubi idonsa ka ce aikinsa bai yi ba?" Sai ya riƙe mini hannu. "Don Allah kada ka kai maganar nan gaba. Kamfani suka ji tiyata, khalas, shi ke nan, biza ta tafi. Ina da 'ya'ya a makaranta."

Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata. Zuciya ta ce in shigar da shi ɗaki in yi masa gyaran gaske a ɓoye. Amma wanda jijiyarsa ta kai haka, matsa masa baya ƙarasa shi ne. Ƙa'idar binciken kuma a fili take: aka ga alamar haɗari, a sanar nan take, a cire mutum.

Na ce, "Baba, ka yafe ni." Na tafi ofishin Madam. Ban kai ƙarshen bayani ba ta miƙe. "Yalla, maza kawo shi yanzu." Aka ɗauki hoton bayansa, aka wuce da shi babban asibiti, washegari aka yi masa tiyata.

Ƙafar ta dawo, sai ɗan ɗingishi. Aikinsa na lodi kuwa bai dawo ba, don likitoci sun hana shi ɗaukar kaya, kamfani kuma ba su sabunta masa biza ba. Ana gobe zai koma gida na je masaukinsu na ma'aikata sallama. A lokacin Madam ta riga ta gaya masa gidan da ya faɗa, don wanda aka cire yana da haƙƙin sani. Ya fito da ƙafafunsa, ya dube ni.

"Ashe duk zuwan nan shafa ni kake yi?"

"E, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To, mun yi canjaras. Kai ba ka gyara ba, ni ban ji sauƙi ba."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Bincike ba laifi ba ne, da shi ake tantance magani da tatsuniya. Amma mutanenmu suna da kara, kuma suna tsoron a mayar da su gida, za su rufa muku asiri da lafiyarsu. Saboda haka in mara lafiya ya gode muku, ku amsa, sannan ku tashi ku raka shi bakin ƙofa, ku ga yadda yake tafiya.