Awa Ɗaya a Shekara

Shekara ashirin da biyu rumfar shayina tana jingine da shagon Hasmukh tela a Rajkot, kuma ban taɓa ganin ya yi sauri ba. Mahaifinsa ya bar masa keken ɗinki, da hannun jari a wani kamfanin siminti, da doka guda: ba saye, ba sayarwa, sai a awa ɗayan nan da ake buɗe kasuwar hannun jari ranar bikin Diwali don neman albarkar sabuwar shekara. Sauran kwanaki a yi ɗinki.

A shekarar da man gyaɗa ya yi tashin gwauron zabi, har ni na fara ƙara ruwa a madara ina kallon mutane ido cikin ido, cutar yanar ido ta rufe idon matarsa Kokila, duka biyun. Likita ya ce saboda ciwon sukarinta aikin sai asibitin kuɗi, kuma kada a wuce shekara. A watan ne kasuwa ta faɗi. Jarin da zai biya ido biyu har da saura ya koma kuɗin ido ɗaya, Diwali kuwa saura wata bakwai.

Ƙanen Kokila, Bipin, kullum sai ya zo da waya a hannu. Shi ya riga ya sayar da nasa tun makon farko.

"Mijin yaya, ka ga farashin yau?"

"Ban gani ba," in ji Hasmukh, yana zura zare a allura.

"Ya ƙara faɗuwa. Ka sayar tun bai zama kuɗin tabarau ba."

"To. Wanne za mu gyara, na dama ko na hagu? Kai ne ƙanenta, zaɓa."

Bipin bai zaɓa ba. Ya sha shayina, ya ce ruwa ya yi yawa, ya tafi.

Kokila takan kawo abincin rana tana lalubar bango. Irin matan zamanin da ce, ba ta kiran sunan miji. "Kana ji," takan ce masa, "kada Bipin ya ɗaga maka hankali. Ba wani abin kallo a gidan nan da zan yi gaggawar gani." Shi kuma ya karɓi kwanon, ya ce zai ci a bayan shago inda ya fi sanyi.

Ni dai haushinsa nake ji. Mace tana cin karo da ƙofar gidanta, mutum yana zaune yana ɗinka maɓalli. A layinmu kowa ya rame a shekarar, in ban da saniyar da ke kwana bayan shagunanmu, wadda ta yi ƙiba ba a san dalili ba.

Ranar Diwali Hasmukh ya yi wanka, ya rataya wa keken ɗinki furanni, ya kunna fitila, ya nufi ofishin dillali a ƙafa. Farashi bai koma inda yake ba, amma ya farfaɗo. Ya sayar da hannun jarin ubansa kaf. Kuɗin ya isa ido biyu da kwalin alawar madara ɗaya.

Da ni aka je ranar da aka cire mata bandeji. Kokila ta dubi Bipin, ta dube ni, sannan ta tsaya a kan mijinta ta daɗe.

"Kana ji, ina sauranka?"

"Ga ni."

Ta kama ƙugun wandonsa ta juyo shi. Layin ɗinki uku, kowanne ya fi na baya matsewa.

"Wannan hannunka ne. Sau uku ka rage shi."

"Yadin ne ya saki."

"Abincin da nake kawowa fa?"

Hasmukh ya dubi silin. Sai a lokacin na gane abin da ya ƙibar da saniyar: damuwa ta hana shi cin abincin, ita yake juye wa. Kunya ta kama ni. Wata bakwai ina zaune kusa da shi da idona biyu lafiyayyu.

Kokila ba ta saki wandon ba. Ta ce wa ƙanenta ya buɗe kwalin alawa, ita an hana ta, amma tana so ta ga wannan mutumin ya ci. Hasmukh ya ɗauki ɗaya. Ta tsare shi da ido har sai da ya cinye.