Ragon Suna Mai Karyayyen Ƙaho

A shekarar da anka yanke mana Kebbi daga Sakkwato, ƙanen maigidana ya dawo daga kasuwar Yelwa da talabijin a cikin jirgi, ya naɗe ta da buhu don kada ruwa ya taɓa ta. Da batirin mota take aiki. Kowace Laraba, in anka yi la'asar, mu mata mukan bar banda da kifinta mu taru a tsakar gida mu kalli wani wasan dariya: wani mutum mai baƙar rowa, da matarsa, da ragonsu mai karyayyen ƙaho wanda ke cin tabarmar baƙi.

Mu mutanen bakin ruwa ne. Abin da ya gangara ya gangara, ba mu taɓa ganin kogi ya juya ya nufi Shanga ba. Haka munka ɗauki talabijin. Ba mu san masu haska wasan suna ɗaukar na baya su sa a gaba, yadda hannunsu ya kai ba.

Matar wasan ta yi ciki, ta haihu, anka yi suna, anka yanka ragon, mai rowa yana kuka ya fi ragon. Munka sha dariya. Mako ya kewayo, sai ga ta ba goyo. Ba wanda ya ambaci jariri. Kowa a wasan na ta shaƙiyancinsa.

Faccalata, matar wanda ya sayo talabijin ɗin, ta binne ɗanta na fari a wannan damina, kafin ya yi arba'in. Tana zaune kusa da ni. Ta ce, "Yaya, ina yaron?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ya koma ke nan. Kuma ko gaisuwa ba su zauna ba." Ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar ba ta sake fitowa cikin mata ba, ba wajen kallo ba, ba wajen banda ba. Abinci ma sai an miƙa mata ta ƙofa.

Ni ban yi boko ba, amma tatsuniya a bakina ta girma, na kuma san labari ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Na ɗauko igiyar wani tsohon taru, na rataya a jikin rumbu. Duk abin da ya faru a wasan na ƙulla masa alama: bikinsu, ɗan wuri; ranar da mai rowa ya faɗa rijiya, ɓawon katantanwa; haihuwa, ƙyallen zanen goyo; suna, gashin rago. In na ga tukunyar da anka fasa ta dawo lafiya lau, sai in kwance ƙullin in mayar da shi baya. Mata sunka shiga, kowa na kawo abin da ta tuna, ana gardama.

Surukarmu ta leƙo ta ce, "Ke, wanga taru naki me zai kama? Ko ƙawara ba ta faɗa masa."

Na ce, "Inna, mutum nike son kamawa."

Ina cikin neman inda zan ƙulla ranar da ba goyo, sai na tuna abin da ya ba mu dariya a ranar. Rago ne, yana cin tabarmar liman.

Na je bakin ƙofarta na ce, "Ƙanwata, rago na tashi bayan an ci namansa?"

Can ta ce, "Rago ai rago ne, Yaya. Sun sayi wani."

"Mai rowar? Ya sayi wani, ya kuma karya masa ƙahon hagu?"

Na bar ta da wannan. Na koma wajen kifina.

Anka jima, har cikar kogin da muke kira baƙin ruwa ta sauko, tabki ya cika, sannan sunka maimaita wasan ranar. Ban aika kowa ba, da kaina na je na kamo hannunta. Ta tsaya daga baya, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ga matar ba goyo. Ga liman ya zauna. Ga rago ya ɓullo ta bayan danga, ƙahon hagu a karye, ya kama gefen tabarma.

Ba wadda ta yi dariya a cikinmu, ita muke kallo.

Ta ce, "Ashe bai zo ba tukuna."

Ta taka zuwa rumbu, ta karɓi tsinken tabarmar da na ajiye wa ranar, ta ƙulla shi da hannunta can kafin ƙyallen goyo, kusa da ɗan wurin nan na biki. Sannan ta dubi Inna ta ce ta matsa mata, ta zauna a gefen tabarmarta. Washegari na same ta a bakin banda, tana juya kifin da na bari ya kusa ƙonewa, tana yi mini faɗa.