Ramar Da Na Zata Aikin Allura Ce

Assalamu alaikum. Watanni ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba, ku yafe ni. Jinya na yi, kuma sai yanzu na iya zama wuri ɗaya in rubuta.

Duk wanda ya san ni a Kudan ya san girman jikina. Sana'ata sarin rake da mazarƙwaila, ina kaiwa kasuwar Makarfi, kuma mai wannan sana'a bakinsa ba ya hutawa. Tumbi ya yi gaba, gwiwa ta fara ciwo. Wata Juma'a na kasa miƙewa daga sujada, sai da na dafa kafaɗar na kusa da ni a sahu.

Tun daga ranar hankalina ya ƙi kwanciya.

Na sha shayin rage ƙiba, na sha ruwan zafi da lemun tsami, babu abin da ya motsa. Sai direban da ke ɗaukar mini kaya ya ba ni labarin wani mutum a Zariya da ya koyo aikin allura irin na mutanen Sin. Ba allurar asibiti ba ce, babu magani a cikinta. Siririya ce kamar gashi, a soka maka a kunne da ciki da ƙafa, ka ɗan kwanta, a zare.

Da na gaya wa mahaifiyata, dariya ta yi. Ta ce, "Audu, mu da muna 'yan mata, lokacin da aka samu 'yancin kai, in mutum ya yi jiki cewa ake ya ji daɗi. Kai kuma biya za ka yi a tsire ka don ka rame?"

Na dai tafi. Gaskiya babu zafi. Har barci nake yi a kan gadon, gwiwar ma na ji ta ɗan lafa.

Sai jiki ya fara zubewa.

Wando ya yi mini yawa. A kasuwa ana ta cewa, "Alhaji, ka koma saurayi!" Ni kuma ina ta kwatanta wa mutane wurin.

Amma ga ƙishirwa. In na shanye ruwan leda sai in nemi wani. Tsakanin Kudan da Makarfi sai na sa an tsaya na yi fitsari. Ido ya fara dishi-dishi. Na kasa zama, na kasa kwanciya, abu kaɗan sai faɗa. Ɓawon rake ya yanke ni a babbar yatsar ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa.

Matata Hajara ta ce, "Baban Sadik, wannan ramar ba ta lafiya ba ce. Tuwon da kake ci ya fi na da, amma kullum ƙarewa kake."

Da na koma Zariya, mai allurar ya ɗora ni a sikeli, ya duba nauyina.

"Alhaji, ka rage cin abinci?"

Na ce a'a.

"To wannan ba aikina ba ne. Yau ba zan soka maka komai ba. Ka je a gwada jininka."

Na yi niyyar zuwa bayan ranar kasuwa. Ban kai ba. Ana cikin sauke kaya na ji ƙasa tana juyawa, sai farkawa na yi a gadon asibiti, ana mini ƙarin ruwa, Hajara tana riƙe da ƙafata tana kuka.

Ciwon suga ne. Likitar ta ce ya daɗe yana hawa, shi ne yake cinye jikina.

Na tambaye ta, "Likita, allurar ce ta jawo?"

Ta ce, "Ba ita ta kawo ciwon ba, ba kuma ita ta rage maka jiki ba. Wasu suna cewa tana sauƙaƙa musu ciwon gaɓoɓi. Amma a ce ita kaɗai za ta narkar da ƙiba, mutum bai canza ci ba, ni ban ga hujjar da zan tsaya a kai ba."

Kullum a soki yatsa a ɗebi jini, a yi allurar insulin, a wanke ciwo. Kuɗi sun tafi sosai, ba zan ɓoye ba, yayana Tanimu ne ya tsaya mini. Amma ba kuɗin ne suka hana ni sukuni ba. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo daga Gubuchi da aka yanke wa ƙafa saboda irin ciwona. Duk sanda nas ta kwance bandejin yatsata sai in kawar da kai, in tambaye ta, "Ta yi baƙi?"

Ranar da ta ce nama ya fara cikowa, dattijon nan ne ya fara cewa Alhamdulillahi, kafin ni. Na rufe fuska na yi kuka.

Yatsata tana nan.

Yanzu ina shan magani a kan lokaci. Tuwo kaɗan, ganye da yawa. Bayan asuba ina takawa har bakin gona in dawo. Ina sayar da mazarƙwaila ban ɗanɗana ba, wannan ne ya fi komai wuya. Jikin yana raguwa, amma a hankali, kuma da ƙarfina.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajara, da Yaya Tanimu, da Inna da ba ta gaji da addu'a ba, da ma'aikatan asibiti. Na gode wa mai allurar da ya gaya mini gaskiya, alhali zai iya ci gaba da karɓar kuɗina.

'Yan'uwa, in za ku gwada allurar nan ko wani abin rage ƙiba, ku fara gwada suga da hawan jini. Ku tabbata sabuwar allura aka buɗe a gabanku. In kun ga kuna ramewa ba ku rage ci ba, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, kada ku yi murna, ku tafi asibiti.

Ɗigon jini ne kawai a yatsa. Wanda yake tsoron zuwa shi kaɗai, ya same ni a rumfata, mu tafi tare.