Askar Inna ta Cikin Koren Gilashi

Yanzu kowane ɗan iska mai salula ya zama mai hoto. Ya latsa, ya shafe fuska ta koma kamar ƙwai. Ni da na bar lakkwal, wato makarantar boko, tun ina ƙarami na koyi aikin nan da hannuna, ba mai ko yi mini sallama. To, a bar wannan.

Shekarun da jam'iyyu suka ɓarke, ina da ɗan shago a Sabon Garin Maraɗi. Albashi ba ya fita, kullum yajin aiki, amma fuskokin 'yan takara sun cika bangon Maraɗi. Ina da wasu ƙananan gilasai da ake murɗawa a bakin kyamara, filtir muke ce musu. Akwai mai dishi-dishi, shi matan unguwar Zariya ke so don yana ɓoye ƙuraje da tabo. Akwai kore, wanda a hoton baƙi da fari yake fiddo kowane layi na fata.

Innata tana Tibiri. Bagobira ce, askarta tun daga gefen baki har kunne. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Na roƙa har na gaji, ga tsufa ya kama ta, ina tsoron ta tafi ta bar ni ba fuskarta. Sai wata damina ta aika a kira ni.

Ta ce, "Na ga an manna ɗan maƙwabcinmu a kasuwa, wanda na zane kan satar gujiya. In shi ya isa hoto, ni ma na isa. Amma sau guda, ka ji ko?"

Muka fita bakin gona, ƙawayenta da akuyarta biye da mu. Na ɗauko mai dishi-dishin ina murɗawa, don na saba haka ake yi wa mata.

"Mi ne ne wannan?"

"Gyaran fuska yake, Inna."

"Mi ya lalace?"

Na ce yana ɗan dusashe aska ne kawai.

"Ubana ya ba wanzami damin hatsi, na sha kuka, kai kuma ka zo ka goge? Cire shi, ɗan nema!"

Tsofaffin nan suka kwashe da dariya. Na fiddo koren, na ce wannan fiddo ta zai yi. Ta fizge ta kara a ido, ta dubi akuyarta.

"Ku zo ku gani! Akuyata ma ta koma koriya, ta shiga jam'iyya!"

Gilashi ya zagaya hannu-hannu, kowace sai ta leƙa ta yi shewa. Da kyar ya dawo mini, duk maiƙon ƙuli. Na goge da bakin riga, na juya Inna yadda rana za ta bugi kuncinta ta gefe. Ta ƙame kamar soja. Ina latsawa wata ƙawarta ta ce, "Rufe giɓin nan, amarya!" Inna ta tuntsire. Na ce a sake, don ta motsa. Ta ce an gama, ta ja akuyarta.

Na koma Maraɗi. Da na tsoma takarda cikin ruwan wankin hoto, ganyen hatsi ya fara fitowa fari tas, sannan ita. Ba ta gurɓace ba. Baki buɗe, giɓi waje, aska layi-layi kamar ranar aka tsaga.

Na hau kabu-kabu na kai mata. Ta daɗe tana bin layukan da yatsa.

"Yawwa," in ji ta. "Ko a Makka aka tsinci wannan, an san gidan da za a maido ta."